Gangunan Albarushi a Falon Baba

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiyar wannan labari nawa. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta rubuto cewa idan ba na son Zayyad in tura mata lambarsa. 'Yar uwa, Allah ya ba ki naki. Gyara zama ki ji yadda aka yi.

Ga waɗanda yau suka fara cin karo da ni, sunana Juwairiyya, a Makarfi nake, gidanmu na bayan kasuwar rake. Na gama jami'a a Zariya, na gama hidimar ƙasa, na dawo gida ina jiran aiki. Sunan mahaifiyar Baba aka sa min, shi ya sa Baba ke kira na Uwata, sauran mutanen gida kuma Ummi. Babban ciwona a duniya kunya ce. Ba irin wadda ake yabo ba, irin wadda idan baƙo ya tambaye ni hanya sai in ji kamar an ɗaura wa harshena dutsen niƙa.

Zayyad ɗan Ikara ne, sola yake haɗa wa masu noman rani don injin ban ruwa. Kawunsa, Alhaji Musa, abokin cinikin Baba ne tun kafin a haife ni, ta nan maganar ta ɓullo. Ba wanda ya yi min dole. Baba cewa ya yi, "Uwata, ga yaro nan zai riƙa zuwa, ki duba da idonki." Na kuwa duba, tun zuwan farko. Dogo ne, magana ba ta dame shi ba, idan zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai kamar mai neman izini. Amma duk Lahadin da ya zo bayan la'asar, shi da abokinsa Zulkifilu, abin da ke fita daga bakina bai wuce "lafiya lau" da "eh" da "to" ba. Zulkifilu ke raya zancen. Shi wannan ko a layin asibiti aka ajiye shi sai ya samo wanda zai yi wa tsiya.

Abu ɗaya nake yi babu kunya, shi ne yaƙi.

Kada ku tsorata, a kwamfuta ne. Wani gem ne na zamanin takobi da baka, a ɗakin kwananmu na jami'a na koye shi. Ana ba ka fili da 'yan mutane kaɗan, ka sa su noma, su saro itace, su haƙo dutse, ka gina gari ka kewaye shi da ganuwa, ka tara mayaƙa. Can ɗaya gefen taswirar abokin karawarka shi ma abin da yake yi ke nan. Wanda ya rushe garin wani shi ya ci. Kowa da abin da yake ƙauna a ciki: wasu barade, wasu 'yan baka, wasu manyan majajjawa masu jefa duwatsu daga nesa. Ni 'yan albarushi nake so. Wasu gajerun mutane ne, ba takobi ba garkuwa, kowa rungume da gangar albarushi, suna gudu suna tangaɗi kamar mai talla da tire ya fi ƙarfinta. Da sun isa jikin ganuwa ko ƙofa sai su tashi da ita, su ma shi ke nan, ba sa dawowa. A fili ba sa tsinana komai, kibiya biyu ta ishi ɗaya. Shi ya sa ba a nuna su. Ɓoye su ake yi har su taru, a tura barade wani gefe su janye hankalin 'yan baka, sannan a sake su gaba ɗaya. Ganuwar da mutum ya ɓata rabin wasa yana ginawa, kafin ya kai kofi baki ta zama ƙura.

Gwaggo Lantana ce ta tona min asiri. Yayar Baba ce, a Kudan take aure. Kwana biyu ta ce za ta yi mana, amma har ta fara sanin kuɗin cefanen unguwa, don a cewarta maganar aure ba ta tafiya daidai idan babu babba a kusa. Ummana dai ta bar mata filin.

Ran nan su Zayyad suka durƙusa suna gaishe ta a falon Baba, ni ina rakuɓe a bakin ƙofa da tiren zoɓo. Bayan an gama tambayar mutanen Ikara da damina da gajiya, sai ta gyara mayafi ta ce, "Malam Zayyad, sai haƙuri da ita fa. Ba wulaƙanci ba ne, ko a cikin gida haka take. Ba ta da abokin hira sai wasu 'yan tsana a kwamfuta, suna ta sare-sare, gidaje na cin wuta. Jiya ina jin ta tana ce musu ku bi ta bayan rafi. Na ce to, yau kuma abin ya kai ga aljanu."

Na so ƙasa ta tsage in shige da tiren. Amma sai na ga Zayyad ya ɗago.

"Mai ganuwa da barade?" ya tambaye ni.

"Eh."

"Tun da wuri kike kai hari, ko sai kin gina fada?"

Ban san lokacin da na dubi fuskarsa ba. "Ya danganta da mutumin da nake bugawa da shi."

Zulkifilu ya ajiye kofinsa a hankali. "Zayyad, ka ji abin da na ji? Jimla ce fa, da kanta da ƙafafunta. Gwaggo, ki shaida."

Ashe Zayyad ma tun yana makaranta yake bugawa. Kafin su tafi ya nemi izinin Gwaggo, wai Lahadi mai zuwa zai zo da tasa kwamfutar mu kara. Gwaggo ta ce indai a falo ne, ƙofa a buɗe, ita ba ta ga laifi ba, ko banza za a ji motsin mutane.

Ranar Lahadin ita ta zaɓa min kaya: koriyar atamfa mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket, da mayafi ruwan madara. Tana ɗaura min ɗankwali tana jan kunnena.

"Ke Ummi, wannan abin da za ku yi, ana ci ana faɗuwa?"

"Eh, Gwaggo."

"Kin iya?"

"Ba laifi."

"Na san ba laifin nan naki. To ki buɗe kunne. Ki yi masa kara. Namiji yana iya manta wanda ya ba shi tuwo, amma ba ya manta inda aka kayar da shi, balle a gaban abokinsa, balle a gidan da yake neman aure. Kin ga Kawunku na Kudan? Tun muna amarci nake bari yana cinye ni a wasan lido. Har gobe gani yake ba a haifi gwani irinsa ba. Me na rasa? Ba ga ni ba?"

Ta shafa min humra a wuya ta tura ni.

Muka zauna a kan jan kafet ɗin Baba, tebur a tsakaninmu, kwamfutocin sun juya wa juna baya. Ga zoɓo da ƙanƙara, ga yankakken rake a faranti. Zulkifilu ya ɗare kujera a bayan abokinsa, ya naɗa kansa mai sharhi.

Tun daga farko na gane irin ɗan wasan da Zayyad yake. Magini ne. Ɗan leƙen asirina ya zagaya garinsa ya ga gonaki a jere kamar an ja su da igiya, ganuwa ninki biyu, hasumiya a kowace kusurwa. Har ga Allah garin ya yi kyau. Sai dai ya tara 'yan bakansa duka a yamma, inda ya ga baradena suna kai-kawo, ya bar ƙofar gabas ba kowa sai Allah. Ni kuwa a bayan wani kurmi da ke daf da ƙofar na jera 'yan albarushina, sahu-sahu, kowa da gangarsa.

"Jama'a, ga Sarkin Ginan Ikara yana ƙara bulo," in ji Zulkifilu. "Ita kuma Hajiya shiru kake ji. Ranki ya daɗe, ko a kawo miki agaji?"

Na zagaye su da linzamin kwamfuta. Saura in danna ƙofar. Zuciyata na bugawa irin bugun da nake so. Sai na ɗaga ido na ga yadda ya duƙufa, hularsa ta ɗan karkace, yana cije leɓe kamar ɗalibi a jarrabawa. Ta bayan labule kuma ga ƙafar Gwaggo, da lallenta, ta kasa ta tsare.

Na saki linzamin.

Abin da ya biyo baya ba ya buƙatar dogon bayani. Na tura baradena cikin ruwan kibau suka ƙare, na bar ƙofata a sake, ya shigo da majajjawansa ya rushe min fada. Zulkifilu ya yi masa kirari har da su "na Alhaji Musa ba ka fito da wasa ba". Ni ma na ce, "Barka," ina murmushi irin na 'yar kirki.

Abin da na manta, ni da na yi shekaru ina wannan gem, shi ne da an gama wasa duhun da ke rufe taswira yana yayewa, kowa ya ga komai. Ina kallon idon Zayyad yana yawo a allonsa, har ya tsaya wuri ɗaya. Na san inda ya tsaya. Suna nan a bayan kurmi, a jere, ko ɗaya bai motsa ba, yawansu ya isa ya tashi ƙofarsa da hasumiyar da ke kusa da ita har a yi guzuri.

Ya ɗauke idonsa daga allon. Ya rufe kwamfutarsa, ya shanye zoɓonsa, ya yi wa Gwaggo sallama da ladabi kamar kullum. Gwaggo ta rungume ni a tsakar gida tana cewa yanzu na fara hankali.

Washegari da safe ina shara saƙonsa ya shigo.

"Ina kwana Malama Juwairiyya. Na ga mutanenki a bayan kurmi."

Na jingina tsintsiya. Na rubuta, "Mantawa na yi da su," na goge, don ko ni ban yarda ba. Na tura, "Ina kwana."

"Kara kika yi min?"

Na sake ɗaukar tsintsiyar. Ya ga na karanta.

"Ba faɗuwa ko ci ne ya dame ni ba," ya sake rubutowa. "Jiya da muna komawa Ikara abu ɗaya nake ta juyawa. Wadda za ta iya ba da gari sukutum don kada ta kunyata baƙo, za ta iya zama da baƙon duk Lahadi don kada ta kunyata mahaifinta. Kawu yana matsa min a kan manya su zo. Na ce masa ya dakata. Ba na son a ba ni abin da aka ba ni don kara."

'Yan uwa, na rubuta amsa ta fi a ƙirga. Na rubuta doguwa, na rubuta gajera, har da wadda na fara da Turanci ko za ta fi sauƙin fita. Duk na goge. Kalmar da ake buƙata ƙarama ce, amma da na zo kanta sai yatsana ya sandare. A ƙarshe abin da na tura shi ne, "To." Ku yi min duk faɗan da za ku yi, na riga ku.

Lahadi ta zo, na yi wanka na sa leshi ruwan hoda, na zauna ina sauraren ƙarar mashin. Har aka kira magariba ba su zo ba. Gwaggo ta ce ƙila aiki ne, ai lokacin dashen tumatir ne. Amma na lura ranar ba ta ƙara tuwo ba.

Ranar Laraba Baba ya dawo daga kasuwa, ya yi alwala, ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a gindin dalbejiya, ya aika a kira ni. Na durƙusa nesa kaɗan.

"Matso, Uwata. Yau na ga Alhaji Musa. Ya ce yaron nan yana ganin kamar ba ki so, kunyata kike ji." Ya ɓare goro ya dube ni. "Ni da Alhaji Musa rake ya haɗa mu, ba ke ba. Ko an yi ko ba a yi ba, gobe tare za mu loda mota. Idan ba ki so, Laraba mai zuwa in ba shi haƙuri, magana ta wuce. Kina so ko ba kya so?"

Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin hijabina.

Baba ya yi 'yar dariya. "A zamaninmu wannan shirun ya wadatar, da tuni an sa rana. To shi yaron ya ce ba ya karɓar shiru. Ni kuma na ga gaskiyarsa. Tashi ki je, kina da sauran kwanaki."

Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, waya a hannu. Na san idan Laraba ta zo ban yi wani abu ba, Baba zai ba da haƙuri, Zayyad zai karɓa da ladabi, kuma shi ke nan, wata rana in ji an ɗaura masa aure da wata mai baki. Waccan kalmar dai ta ƙi fita. Amma akwai yaren da na iya. Na rubuta, na tura kafin in sami damar gogewa:

"Ka zo da kwamfutarka ranar Lahadi. Ka gina ganuwar da ta fi waccan."

Sai da aka yi sallar isha'i amsa ta zo. "To," in ji shi. Na ji yadda abin yake.

Wannan karon ni na zaɓi kayana: doguwar riga baƙa mara ado, da jan mayafi, na naɗe hannun rigar kaɗan don kada ya dame ni. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Zance za ki ko fagen dambe?" Da ta ji karawa za a sake, sai ta ɗauko tiren zogalenta ta shigo falon ta zauna a kujerar da ke bayana, wai hasken nan ya fi.

Zayyad ya zo cikin shadda ruwan toka, ya ɗan rame ko idona ne. Muka gaisa a taƙaice. Zulkifilu ma yau da sauƙi, sai da ya ga rake ya dawo hayyacinsa.

Aka fara. Ya gina kuwa. Ganuwa ninki uku, 'yan baka a kowace ƙofa, ga mahaya biyu da ba su da aiki sai zagaya duk wani kurmi da ke kusa da garinsa. Ya san abin da yake nema. Ni kuma na ba shi: na ajiye 'yan albarushi kaɗan a bayan kurmin gabas, daidai inda ya gan su wancan karon. Ba a jima ba mahayansa suka gano su, 'yan baka suka fito suka gama da su.

"An kama ɓarayin," in ji Zulkifilu da rake a baki. "Ranki ya daɗe, ba a cin Ba'ikare sau biyu a rami ɗaya. Ko da yake wancan ma ba a ci ba."

Zayyad ya leƙo ta saman kwamfutarsa ya dube ni, da alamar tambaya a fuskarsa: ko yau ma kara ce? Na mayar da idona kan allo.

A gem ɗin akwai wasu amalanke masu rufin fata da ake tunkuɗar ƙofa da su. Tafiyar hawainiya suke yi, amma kibiya ba ta huda su, kuma ana iya zuba mutane a ciki. Tun ɗazu ya ga nawa suna rarrafe ta arewa, inda babu ƙofa, sai doguwar ganuwa da gonakinsa a bayanta. Bai damu ba, don kafin irin waɗannan su huda ganuwa uku ya gama shiri. Bai san na cika su da 'yan albarushi ba, danƙam, kamar yadda ake loda rake a tirela.

Na tura baradena duka ƙofar kudu da hayaniya. 'Yan bakansa suka kwasa can. Amalanken suka isa jikin ganuwa. Na zagaye su da linzami.

Sai na ji babban yatsan ƙafar Gwaggo a bayana, tana danna ni. Ba ta san gem ba, amma ta san ni, ta ga yadda na miƙe zaune.

"Ummi," ta ce ƙasa-ƙasa.

Na riƙe linzamin gam. Idan Gwaggo ce da gaskiya fa? Ita ta yi shekaru a gidan miji, ni ko jimla ba na iya haɗawa. Idan ya ji zafi ya tafi, wannan karon da dalilinsa. Amma idan na saki linzamin nan, na san ba sai ya ji zafi ba ma, tafiya zai yi.

Na ji wata murya ta ce, "Ka kwashe manomanka daga arewa." Ashe tawa ce.

Zayyad ya ɗago. "Me ya sa?"

"Ba na son ɗaukar alhakinsu."

Na danna.

Suka zubo daga amalanken suna tangaɗi da gangunansu. Sahun farko ya tashi ganuwar waje, na biyu ya bi ta cikin hayaƙin ya tashi ta tsakiya, na uku bai ko tsaya ba. Ƙarar ta cika falon har Umma ta leƙo daga kicin. Ragowar suka ratsa gonakinsa a guje suka nufi fada. Daga nan ban san abin da ya same ni ba. An ce har gwiwa na tashi. An ce ina cewa, "Ba ta nan ba, ku bi ta bayan rumbu," ina cewa, "Ai ka makara, da ka bar 'yan bakan a inda suke," har da "Wa ya ce maka ana jera hasumiya kusa da juna haka?" Zulkifilu ne ya ba ni labari, kuma ya rantse bai ƙara gishiri ba.

Fadar ta zube. Baradena da suka rage suka shigo ta ɓarakar suka ƙarasa aikin.

Wasa ya ƙare. Sai a lokacin na ga mayafina ya zame zuwa kafaɗa, na ja shi da sauri na koma na zauna. Gwaggo ta daina tsinke zogale. Zayyad yana kallon allonsa, kunnuwansa har sun canza launi.

Zulkifilu ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. "Allah ya jiƙan gari. Ya yi zamani da mutane lafiya."

"Rufe min baki," in ji Zayyad. Ya shafa fuska da hannu biyu. "Kai. Wallahi da zafi. Ganuwa uku fa."

"Malam Zayyad, yarinta ce," Gwaggo ta fara. "Sa'a ce kawai ta—"

"A'a Gwaggo, ba sa'a ba ce. Tun ina ɗora bulon farko ta gama da ni." Ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suka fara rawa, sai ga dariyar nan tasa ta fito. Da ya gama ya ture kwamfutar gefe, babu sauran abin da ya tsaya tsakaninmu sai faranti. "Gwaggo, ki gafarce ni, zan yi tambaya a gabanki, don kada a ce an ce. Malama Juwairiyya, zuwan da nake yi gidan nan, kara kike yi min?"

Dutsen niƙan ya dawo kan harshena, da nauyinsa duka. Na kalli zanen kafet. Amma jikina bai gama hucewa daga yaƙin ba, kuma mutumin da ka rushe wa gari a gaban abokinsa, wace kunya ce ta rage a tsakaninku?

"A'a," na ce.

"In faɗa wa Kawu manya su zo?"

"Ka faɗa masa."

"Ban ji ba, ranki ya daɗe," in ji Zulkifilu, ya kara hannu a kunne. "Fanka tana ƙara."

"Ba wuta ma," in ji Gwaggo, ta jefe shi da karan zogale. "Ya ji, na ji, kai ma ka ji. Ku tashi ku kama hanya kafin magariba." Muryarta a daƙile, amma da ta juya tana tattara tirenta na ga tana goge ido da bakin mayafi.

Na raka su har zaure, abin da ban taɓa yi ba. Yana ɗaura jakar kwamfutar a bayan mashin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Amalanken nan. Za ki koya min?"

"Sai ka daina jera hasumiya."

"To."

Da na dawo Baba yana gindin dalbejiya da rediyonsa, amma rediyon a kashe yake. Bai tambaye ni komai ba. Cewa kawai ya yi, "Uwata, ashe haka muryarki take," ya ci gaba da jan carbinsa yana murmushi.

Da a nan abin ya tsaya da na yi barci mai daɗi. To ashe lokacin da na tashi a kan gwiwa ina ba da umarni, wayar Zulkifilu ba a aljihu take ba. Kafin su isa Ikara, bidiyon ya riga su isa zauren waya na dangin su Zayyad. Yau da hantsi ina wanke-wanke saƙon murya ya shigo daga lambar da ban sani ba. Hoton da ke jiki na wata dattijuwa ce da farin gilashi da carbi a wuya, kuma goshinta da hancinta sak na Zayyad. A ƙasan saƙon an rubuta layi ɗaya: "Ki saurara ke kaɗai, 'yata."

Na dauraye hannuna, na shiga ɗaki, na turo ƙofa. Ga wayar nan a kan cinyata tun ɗazu, ban danna ba.